Nazarin Lamari: Kwaɗon da Duniyarsa ba ta Wuce Hekta Biyu ba

Yankin da abin ya faru

Wanda ya buɗe taswirar gabashin Afirka zai ga wasu tsaunuka sun taso daga tuddan Taita a kudancin Kenya, sun lanƙwasa kamar baka, sun bi ta Pare da Usambara da Nguru da Uluguru da Ukaguru da Rubeho, har suka dire a Udzungwa cikin ƙasar Tanzaniya. Masana suna ƙirga su gungu 13. Tsofaffin duwatsu ne ƙwarai, kuma iskar da ke tasowa daga tekun Indiya tana sauke musu ruwa a kai a kai. Shi ya sa dazuzzukan da ke kansu suka daɗe a jiƙe na miliyoyin shekaru, ko a zamunan da filayen da ke ƙarƙashinsu suka bushe.

A nan ne asalin yadda dabbobin yankin suka rarrabu. Kowane gungun tsauni tamkar tsibiri ne, sai dai maimakon teku, busasshen fili ne ya kewaye shi. Tsuntsu yana iya tsallakewa. Kwaɗo ba ya iyawa, domin fatarsa ce hancinsa na biyu, da ita yake shan ruwa, da ita yake shaƙar wani kaso na iska, kuma in ta bushe ya gama yawo. Masu jan ciki suna da ɓawo a jiki, yawancinsu kuma ƙwansu yana da kwasfa, don haka sun fi kwaɗi jure tafiya. Duk da haka hawainiyar daji da tsakar daji ba sa barin inuwa. Sai ya zamana kowane tsauni ya raini nasa dangin shi kaɗai, har suka sāɓa da 'yan'uwansu na tsaunin da ke maƙwabtaka.

Misalan suna da yawa. A dajin Kimboza, a gindin Uluguru, akwai wata 'yar tsaka da namijinta yake shuɗi shar, wadda kusan duk rayuwarta a kan ganyen itace iri ɗaya take. A tsaunin Sagalla na Kenya akwai wata halitta mai kama da tana, alhali ƙashin baya gare ta kuma 'yar'uwar kwaɗo ce, tana zaune cikin ƙasa mai danshi a wannan tudu. A Ukaguru akwai kwaɗon bishiya da aka ba sunan Churamiti maridadi, daga harshen Suwahili. Ga kuma ƙananan hawainiyoyin da ba su kai tsawon yatsa ba, waɗanda ke kwana a kan ƙirare kusa da ƙasa, kusan kowane daji da irin nasa.

Lamarin da za a bi a nan, wato labarin wani ƙaramin kwaɗo da tashar wutar lantarki ta janye wa mazauninsa ruwa, ya faru ne a wani kwazazzabo da ke kudancin Udzungwa, inda kogin Kihansi ke faɗowa daga saman tsauni ya nufi kwarin Kilombero.

Kwazazzabon kafin a taɓa shi

Tsawon kwazazzabon kusan kilomita 4 ne, kuma a cikin wannan 'yar tazara kogin yana gangarowa sama da mita 800. Ruwan ba zuba kawai yake yi ba. Yana dukan duwatsu da ƙarfi, ya tashi ya zama feshi, iskar da faɗuwar ruwan ke haifarwa kuma ta kwashi feshin ta watsa a gefen kwazazzabon dare da rana, rani da damina. Inda feshin ya fi sauka, bishiya ba ta iya tsayawa. Sai gajerun ciyayi da gansakuka da wasu tsirrai masu son laima, a 'yan filaye jiƙaƙƙu da ke manne da duwatsu. In aka haɗa filayen duka ba su wuce hekta 2 ba, wato kusan filin ƙwallo uku.

A cikin waɗannan filaye ne kwaɗon yake. Ɗan ƙarami ne, ruwan ɗorawa, macen ba ta kai santimita 3 ba, namijin kuma bai kai 2 ba. Fatar cikinsa ba ta da kauri, har ana hango abin da ke ciki. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba ya zuba ƙwai a ruwa kamar sauran kwaɗi, kuma ba a ganin talibambam ɗinsa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa a cikin uwar, 'ya'yan su gama siffa a can, sannan ta haife su a matsayin cikakkun kwaɗi, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. A wurin da ruwa ke gudu da irin wannan ƙarfi, ƙwai da talibambam da tuni ruwa ya tafi da su, don haka wannan hanya ta haihuwa ta dace da wurin. Haihuwa ɗaya kuwa 'ya'ya kaɗan ne, daga 5 zuwa 13, ba dubbai ba kamar na kwaɗon kududdufi. Abincinsa ƙananan ƙwari ne da ke rayuwa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawar.

Danginsa na kusa, waɗanda masana ke kira Nectophrynoides, a Tanzaniya kaɗai ake samunsu. A yammacin Afirka akwai wani kwaɗo mai haihuwa a tsaunin Nimba, inda Gini da Laberiya da Kwaddibuwa suka haɗu, shi ma a ƙuntataccen wuri yake. Amma hekta 2 tana cikin mafi ƙanƙantar mazaunin da aka taɓa sani ga wata dabba mai ƙashin baya.

1995 zuwa 1998: aiki ya yi nisa kafin a san da shi

A farkon shekarun 1990 Tanzaniya ta sha fama da ƙarancin wuta. Fari ya rage ruwan madatsun Mtera da Kidatu, aka yi ta rabon wuta a Darussalam, kuma kusan mutum ɗaya ne cikin goma yake da lantarki a gidansa. Kogin da ke faɗowa mita 800 a tazara kaɗan kuwa, ga injiniya, kyauta ce daga Allah: ba sai an gina ƙatuwar madatsa an nutsar da garuruwa ba. Ƙaramar madatsa mai tsayin mita 25 ta isa, sai a karkatar da ruwan ta cikin ramin da aka haƙa a dutse, ya faɗa kan injuna uku a ƙarƙashin ƙasa, ya ba da megawat 180. Kamfanin wutar ƙasar, TANESCO, shi ne mai aikin, Bankin Duniya da wasu hukumomin raya ƙasa na Turai suka sa kuɗi. An fara gini a 1995.

An yi binciken tasirin aikin a kan muhalli kafin a fara, sai dai hankalin binciken farko ya fi karkata ga wurin da ruwa zai taru a bayan madatsar. Kwazazzabon da ke ƙasa, wanda shi ne zai rasa ruwansa, wuri ne mai wuyar shiga, ga santsi, ga tsayi, ba a bi shi lungu-lungu ba. Sai da gini ya kankama aka tura masana su duba shi da kyau.

A Disamba 1996 suka ci karo da kwaɗon. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Kim Howell na Jami'ar Darussalam. A 1998 shi da John Poynton da Barry Clarke da Jon Lovett suka wallafa bayaninsa a matsayin sabon jinsi, suka sa masa suna Nectophrynoides asperginis, kalmar ƙarshen daga Latin take, tana nufin feshi. A kwazazzabon dai aka kuma gano wani kofi na daji da ba ya fitowa a ko'ina sai can. Ƙiyasin farko ya nuna kwaɗin sun kai wajen 17,000. A lokacin ana iya ganinsu birjik a kan duwatsu da ganyaye, ba sai an nema ba.

An bi wasu magangarun ruwa na yankin ana neman irinsa, ko da za a samu wani wurin da yake zaune ko inda za a iya mayar da shi. Ba a samu ba.

Ƙarshen 1999 zuwa 2000: ruwa ya janye

An fara karkatar da kogin a ƙarshen 1999, tashar ta fara aiki sosai a 2000. A da, matsakaicin ruwan da ke bi ta kwazazzabon ya kai mita kubik 16 a kowace daƙiƙa. Bayan karkatarwa abin da aka bar masa bai wuce 1.5 zuwa 2 ba. Kusan kashi 90 cikin 100 ya tafi cikin rami, ya koma kogin a can ƙasa, bayan ya wuce filayen feshi.

Canjin bai ɗauki lokaci ba. Feshin ya ja da baya zuwa gindin magangarar. Filayen suka fara tsanewa daga gefe. Tsirran da a da laima ke hana su shiga suka samu ƙofa, suka fara shaƙe gajerun ciyayin da kwaɗon ke fakewa a ciki. Kwarkwasa, wadda ba ta iya ratsa wurin lokacin da yake jiƙe sharkaf, ta fara kutsawa. Kwaɗin suka taru a 'yan guraben da suka rage da danshi, ƙirgen da aka yi kuma ya nuna sun ragu ƙwarai.

A wannan gaɓa zaɓi uku ne a gaban masu yanke shawara. Na farko a sako wa kwazazzabon ruwa mai yawa, wanda ke nufin rage wutar da aka ci bashi domin samarwa. Na biyu a ƙirƙiro feshin ta wata hanya. Na uku a kwashe wasu kwaɗin a ajiye a wani wuri. An ɗauki na biyu da na uku. Na farkon an yi ta muhawara a kansa, amma ruwan da aka bari bai taɓa komawa kusa da yadda yake a da ba.

2000 zuwa 2001: famfunan feshi

An shimfiɗa bututu daga sama, ruwa yana gangarowa da nauyinsa ba tare da inji ba, aka rarraba shi zuwa ɗaruruwan kawunan famfo da aka kakkafa a cikin filayen. Aikin ya ci watanni, domin komai a ka ake ɗaukarsa a gangara da shi cikin santsi. Ba a kammala ba sai a 2001, wato bayan filayen sun riga sun sha bushewa na tsawon watanni. An kuma gina 'yan gadoji da matakala domin ma'aikata su daina tattake ciyawar.

Da farko abin ya yi kamar ya karɓa. Danshi ya dawo inda famfunan suka kai, kwaɗin suka koma haihuwa, ƙirge ya fara hawa. A Yuni 2003 ƙiyasin ya haura 20,000, ya ma zarce na farko.

Amma masu lura da tsirrai sun ga abin da ƙirgen kwaɗi bai nuna ba. Feshin famfo yana jiƙa ƙasa, sai dai ba ya zuwa da iska mai ƙarfin da ke kwantar da dogayen tsirrai, kuma ba ya ɗauko lallausar lakar da feshin kogi ke sauke wa filayen kamar taki. Ciyayin wurin sun ci gaba da sauyawa. Ga shi kuma kawunan famfon suna toshewa da laka, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ana sharewa. Wato rayuwar jinsi guda ta koma rataye a wuyan bututu da ma'aikacin da ke duba shi.

Nuwamba 2000: kwaɗi 499 sun tafi Amurka

Tun ana cikin shimfiɗa bututun, gwamnatin Tanzaniya ta amince a ɗebi wasu kwaɗin a kai gidan namun daji na Bronx a birnin New York, wanda ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke gudanarwa. An ɗebi 499. Yarjejeniyar ta tanadi cewa kwaɗin da zuriyarsu mallakar Tanzaniya ne, aro aka bayar. Daga Bronx aka rarraba su zuwa wasu gidajen namun daji na Amurka, don kada annoba ɗaya ta share su gaba ɗaya.

A lokacin mutane da yawa sun ɗauki wannan mataki a matsayin ajiya ta ko-ta-kwana kawai. Hankali yana kan famfunan.

2003 zuwa 2004: rugujewa

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A tsakiyar 2003 abubuwa uku suka haɗu a cikin 'yan makonni. An buɗe ƙofofin madatsar na ɗan lokaci, ruwa mai ɗauke da lakar da ta taru a bayanta ya bi ta kwazazzabon, kuma an yi zargin lakar tana ɗauke da ragowar maganin ƙwari daga gonakin da ke saman kogin. Famfunan feshi sun samu tangarɗa a cikin rani. Sannan aka fara tsintar matattun kwaɗi, da aka gwada fatarsu kuma aka samu ƙwayar cutar da ake kira kitrid.

Wannan cuta tana buƙatar ɗan bayani. Wani nau'in naman gwari ne da ido ba ya gani, sunansa Batrachochytrium dendrobatidis. A 1998 aka gane shi ne ke kashe kwaɗi a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya, a 1999 aka sa masa suna. 'Ya'yansa suna iyo a ruwa, su manne a fatar kwaɗo, su shiga cikinta su hayayyafa. Fatar sai ta yi kauri, ta daina shigar da gishirin da jini ke buƙata, musamman sodiyam da fotasiyam, daga ƙarshe zuciya ta tsaya. Yana son sanyi da laima, wato ainihin yanayin da filayen feshi ke da shi. Wani babban nazari da aka wallafa a 2019 ya danganta shi da raguwar jinsuna 501 a duniya, 90 daga ciki ana zaton sun ƙare.

A kwazazzabon, kwaɗi sama da 20,000 suna cunkushe a fili ɗan kaɗan, ruwa ɗaya yana zuba a kansu duka. Cikin watanni biyu aka koma neman su da ƙyar. A Janairu 2004 kwaɗi uku kacal masu bincike suka gani, suka kuma ji kukan maza biyu. Bayan wannan shekara ba a sake tabbatar da ganin ko ɗaya ba. An kafa kwatarniyar wanke takalma da maganin kashe ƙwayoyin cuta a mashigar kwazazzabon, amma ga kwaɗin da ke ciki wannan ihu ne bayan hari.

An ci gaba da nema na shekaru. A 2009 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sanya shi a rukunin waɗanda suka ƙare a daji.

Shekaru 20 bayan rugujewar, a 2024, wani nazari da ya binciki ƙwayoyin gadon cutar daga gawarwakin da aka adana ya nuna cewa zuriyar kitrid da ta yi ɓarnar ita ce wadda ake kira BdCAPE, wadda aka fara sani daga kudancin Afirka, kuma shigarta yankin ya zo daidai da lokacin mutuwar.

2001 zuwa 2010: shekarun ɗaki

Waɗanda aka kai Amurka ma ba su sha da daɗi ba. Babu wanda ya taɓa kiwon wannan kwaɗo, babu littafin da za a duba. Da farko tsutsar huhu ce ta addabe su. Bayan an shawo kanta sai wasu matsaloli suka biyo baya: ƙasusuwa suna laushi, ciki yana kumbura, wasu kuma suna harba harshe su kasa kama ƙwaro. Wannan na ƙarshen an gano ƙarancin bitamin A ne, wanda ke sa harshe ya daina yauƙi. Gidajen namun dajin da aka rarraba wa suka yi ta rasa nasu, har aka koma biyu kawai, Bronx da Toledo a jihar Ohio. A ƙarshen 2004 waɗanda suka rage a hannu ba su kai 70 ba. A daidai lokacin ne na daji suka ɓace. Duk jinsin, a duniya baki ɗaya, zai iya shiga cikin ƙwarya ɗaya.

Abin da ya juya lamarin ba wata babbar dabara ba ce. Gyare-gyare ne ƙanana da aka yi ɗaya bayan ɗaya. An tace ruwan da ake fesa musu, aka daidaita sinadaran da ke cikinsa. An sa na'urar da ke fesa ruwa a kan lokaci, aka riƙe sanyin ɗakin. An canza fitilu zuwa masu ba da hasken da jiki ke buƙata kafin ya sarrafa kalsiyam. An fara ciyar da ƙwarin da za a ba su abinci mai gina jiki tukuna, a barbaɗe su da bitamin, sannan a zuba musu. Jariran kuwa, da yake bakinsu bai isa ya kama ko ƙaramin ƙuda ba, sai da aka riƙa kiwon wasu ƙwari masu ƙanƙanta kamar ƙura domin su. An keɓe musu ɗakuna nasu, mai shiga sai ya canza tufafi da takalma, kayan aiki ba sa fita, ba sa haɗuwa da na sauran dabbobi.

Da aka dace da yanayin, sai haihuwa ta buɗe. Zuwa 2010 Toledo tana da wajen 5,000, Bronx kuma wajen 1,500.

2010 zuwa 2012: komawa gida

A Agusta 2010 aka ɗauko 100 a jirgi zuwa Tanzaniya, aka sauke su a wani ɗakin kiwo da aka gina a Jami'ar Darussalam, inda ma'aikatan ƙasar da aka horar suka karɓi aikin. An kuma gina wani wurin kiwon kusa da kwazazzabon.

Ba a sake su nan take ba, saboda tsoro biyu. Ɗaya, kada su shigo da wata cuta daga Amurka su shafa wa sauran kwaɗin Udzungwa, waɗanda da yawansu su ma ba su da wani gida sai nan. Biyu, kitrid yana nan a yankin, a jikin wasu kwaɗin da ke ɗauke da shi ba tare da ya kashe su ba. Aka yi gwaje-gwaje, aka haɗa na ɗaki da kwaɗin yankin a ƙarƙashin kulawa don a ga abin da zai faru, aka kuma fara da 'yan kaɗan a cikin keji a filayen feshin. An gyara famfunan, an cire wasu tsirran da suka mamaye wurin.

A ƙarshen Oktoba 2012 aka saki kusan 2,000 a kwazazzabon. Bayan haka an ci gaba da kai wasu kashi-kashi a shekarun da suka biyo.

Inda aka tsaya

An ga kwaɗin da aka saka suna cin abinci a filayen, amma adadinsu yana raguwa bayan kowane saki, sai an ƙaro daga ɗaki. Dabbar da kakanninta da yawa suka tashi a cikin gilashi, abinci yana sauko musu daga sama, ba ta san maciji ko kwarkwasa ba. IUCN ba ta fitar da jinsi daga rukunin waɗanda suka ƙare a daji sai an tabbatar yana riƙe kansa ba tare da ƙari ba, kuma har yanzu a wannan rukuni yake. Tashar wutar tana aiki. Famfunan suna fesawa. Dubban kwaɗi suna raye a ɗakunan kiwo a ƙasashe biyu.

Abin da ya ci, abin da ya gaza, da dalili

A ganina kuskuren da ya fi tsada an yi shi tun kafin a zuba siminti, lokacin da aka zana iyakar wurin da za a bincika. An duba inda ruwa zai cika, ba a duba inda zai janye ba. Da an gano kwaɗon a lokacin zane, da adadin ruwan da za a bar wa kwazazzabon ya shiga lissafin girman injuna da na bashin da za a ci. Da aka gano shi a 1996, kowace mita kubik da za a sako ta riga ta zama kuɗin da wani zai yi asara. Ban ga laifin ƙasar da a lokacin mutum tara cikin goma ke kwana a duhu ba don ta nemi wuta. Matsalar tana ga jerin yadda aka yi abubuwan.

Wannan ya shafi yadda ake karanta jerin halittun kowane yanki. In aka ce tsaunukan nan suna da kwaɗi da masu jan ciki iri kaza, mai karatu yakan zaci suna warwatse ne a ko'ina cikin dajin, ta yadda in an taɓa kusurwa ɗaya saura za su ɗauki nauyi. A irin waɗannan tsaunuka ba haka abin yake ba. Jinsi guda yana iya kasancewa a kwari ɗaya, ko a gefen magangara ɗaya, kuma binciken da ya tsallake hekta 2 mai wuyar shiga yana iya tsallake duk duniyar wata dabba. Ƙididdigar duniya ta nuna kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi suna cikin haɗari a nazarin 2023, na masu jan ciki kuma kashi 21 a nazarin 2022. Masu ƙuntataccen mazauni suna da babban kaso a cikin waɗannan alƙaluma.

Famfunan feshi ban ce sun gaza gaba ɗaya ba. Sun sayi lokaci, kuma ba don su ba da babu filin da za a mayar da kowa a 2012. Amma sun maido da laima ne kawai, ba su maido da iska da laka ba. Ƙirgen Yuni 2003 kuma ya yaudari mutane, domin yawan kwaɗi a ƙuntataccen wuri ba lafiya yake nunawa ba, ga cuta mai bin ruwa ma shimfiɗa ce. Nazarin 2024 ya ƙarfafa hujjar cewa kitrid ne ya yi kisan ƙarshe, har ana iya cewa da ya iso kwazazzabon da ba a taɓa ba ma zai yi ɓarna. Sai dai ya tarar da jinsin da ba shi da wani wurin gudu, filinsa ya tsuke, ciyawarsa ta sauya, mutane kuma suna shiga da fita kullum domin gyaran bututu kafin a kafa wurin wanke takalma.

Matakin da ya ceci jinsin shi ne wanda aka fi rainawa a lokacinsa. Kwaɗi 499 ɗin an ɗebe su ne shekara biyu da rabi kafin cutar ta bayyana, lokacin da suke da yawa kuma fatarsu ba ta ɗauke da ita. Da an jira sai an ga alamar rugujewa, da abin da za a kwasa marasa lafiya ne, ko ma a tarar babu. Rarraba su gida-gida ma ya yi rana, tunda yawancin gidajen sun rasa nasu. Farashinsa kuwa yana nan a jikin zuriyar: duk kwaɗon wannan jinsi da ke raye yau, ko a Toledo yake, ko a Darussalam, ko a ƙarƙashin famfo a kwazazzabon, daga waɗancan da ba su kai 70 ba na ƙarshen 2004 ya fito.